Tsutsar da mutuwarta ke tafiya da ran kyanwa

A jihohin Amurka masu zafi da danshi, irin su Misisipi da Luwiziyana da Fulorida, akwai wata mutuwa da likitocin dabbobi suka daɗe da sani. Kyanwa ta tashi lafiya lau, ta ci abincinta, ta lashe jikinta, ta haye taga tana kallon tsuntsaye. Can da rana sai a ji ta yi wata irin ƙara, ta faɗi, baki buɗe tana neman iska, dasashi ya yi fari fat. Kafin a nemo makullin mota ta cika. Wata ma ba a ganin ko wannan, sai dai a wayi gari a tarar da ita a sandare a inda ta saba kwanciya. Mai ita zai rantse cewa ko tari bai taɓa jin ta yi ba, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa.

Idan aka yi dace mai kyanwar ya yarda a buɗe gawar, abin da akan tarar a wasu daga cikinsu yana da ban mamaki saboda ƙanƙantarsa: tsutsa ɗaya, ko biyu, fara siririya kamar silin taliya, kwance a cikin jijiyar da ke kai jini daga zuciya zuwa huhu. Sau da yawa ma matacciya ce, ta fara ruɓewa. A yankin nan kuwa za a samu kare yana yawo da irin wannan tsutsa talatin ko fiye a ƙirjinsa, yana haushi, yana cin abinci, shekara da shekaru. To me ya sa talatin ba su kayar da kare nan take ba, ɗaya tak ta kayar da kyanwa cikin 'yan mintuna? A wannan tambayar duk maganar take.

Ana kiranta tsutsar zuciya, sunanta a kimiyyance kuma Dirofilaria immitis. Wani masani ɗan Filadelfiya, Joseph Leidy, ya bayyana ta a 1856, kuma kalmar immitis da ya laƙaba mata tana nufin marar tausayi. Dangi ce ta tsutsar da ke sa mutane tundurmi, da wadda ke makantar da mazauna bakin kogi, don haka danginta ba baƙi ba ne a wajenmu. Sauro ne ke yaɗa ta. Macen tsutsar da ta balaga a jikin kare, wadda tsawonta kan kai santimita 30, tana zuba 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani a cikin jini. Sauro ya ciji karen ya zuƙe su, su yi kamar mako biyu a cikinsa suna canza kama idan akwai ɗumi, domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 14 yana tsayar da girmansu. Daga nan idan sauron ya ciji wata dabba sai su shige ta ramin cizon, su yi wata biyu zuwa uku suna ratsa tsoka, kana su faɗa jini, jini ya kwashe su zuwa huhu. A jikin kare sukan balaga cikin wata shida zuwa bakwai, su rayu shekara biyar zuwa bakwai.

Kare shi ne gidan tsutsar na asali. Sun daɗe tare, kowa ya san halin kowa, jikinsa yana haƙuri da ita har sai yawanta ya gajiyar da zuciya a hankali. Kyanwa kuwa masauki ne da tsutsar ta faɗa bisa kuskure. An san tana kama kyanwa tun 1921, lokacin da aka fara ba da rahotonta a Birazil, amma an yi shekaru da yawa ana ɗaukar abin a matsayin wani baƙon al'amari da ba ya buƙatar kulawa. Alƙaluma ma sun goyi bayan wannan sakacin. A inda cutar ta yi katutu, kyanwoyin da ake samu da babbar tsutsa ba su wuce kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na adadin karnukan da ke ɗauke da ita ba. Wadda ta kamu, yawanci tsutsa ɗaya zuwa uku take da ita, ba su kai na kare girma ba, kuma ba su wuce shekara biyu zuwa huɗu a raye. Da wuya a ga 'ya'yansu a jinin kyanwa, idan an gani ma ba sa daɗewa. Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ce kyanwa ta tsira, jikinta ya fi ƙarfin tsutsar.

Jikin nata ya fi ƙarfin tsutsar, gaskiya ne. Matsalar ita ce filin da ake gwabza yaƙin, wato huhu.

Garkuwar jikin kyanwa ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi. A cikin ƙananan jijiyoyin huhunta akwai wasu ƙwayoyin tsaro da ke zaune daram suna jiran duk wani baƙon abu da jini zai kawo, irin waɗanda kare ba shi da su a wannan wurin. Da ƙananan tsutsotsin sun iso, kamar wata uku zuwa huɗu bayan cizon sauro, sai waɗannan ƙwayoyi su far musu. Mafi yawansu a nan suke mutuwa. Amma kumburin da faɗan ya haifar ba ya tsayawa a jijiya, yana bazuwa zuwa ƙananan hanyoyin iska da naman huhun kansa. Kyanwa ta fara tari, ta riƙa haki, wani lokaci ta riƙa amai wanda ba shi da alaƙa da cin abinci. Likita ya ɗauki hoton ƙirji ya ga abin da ya yi kama da fuka sak, ya ba da maganin fuka, kyanwa ta samu sauƙi, kowa ya tafi da yaƙinin cewa an gano cutar. Sai a wajajen 2007, bayan gwaje-gwajen da Ray Dillon da Byron Blagburn suka yi a Jami'ar Auburn ta jihar Alabama, aka ba wannan yanayi suna nasa na kansa, cutar numfashi mai nasaba da tsutsar zuciya, wadda suke taƙaitawa da HARD. Abin da binciken ya nuna shi ne kyanwa tana iya samun tabo mai ɗorewa a huhu alhali babu ko tsutsa ɗaya da ta kai ga balaga a jikinta. Ke nan waɗancan alƙaluma na kashi 5 zuwa 15 manyan tsutsotsi kawai suke ƙirgawa, ba su ƙirga kyanwoyin da suka ci yaƙin suka fita da rauni ba.

Ni a ganina sunan cutar ma ya taimaka wajen ɓatar da mutane. An ce tsutsar zuciya, sai ido ya tafi kan zuciya, alhali a kyanwa zuciyar ba kasafai take shan wahala ba. Huhu ne ke ɗaukar dukan.

Idan tsutsa ɗaya ko biyu suka tsallake wancan farmaki suka balaga, sai a shiga wani zaman lafiya na yaudara. Babbar tsutsa tana da dabarar kwantar da waɗancan ƙwayoyin tsaro, ta dusashe kaifinsu, don haka tarin ya lafa, kyanwa ta koma wasanta. Ana iya shekara biyu a haka, ko uku. Amma ran tsutsar gajere ne a wannan jikin, kuma ranar da ta mutu dabarar tata ta mutu tare da ita. Gawarta ta saki, jini ya tura ta gaba cikin jijiyoyin da ke ƙara tsukewa, ta toshe hanya, ta fara farfashewa tana zubar da abin da ke cikinta. Jikin da aka daɗe ana lallashi sai ya farka gaba ɗaya.

An daɗe ana ɗauka toshewar ce kawai ke kisa, kamar yadda gudan jini ke toshe jijiya. Toshewar tana da nata rabon, domin jijiyoyin huhun kyanwa ƙanana ne, kuma ba ta da wadatattun hanyoyin ratse da jini zai bi idan babbar hanya ta rufe. Sai dai saurin mutuwar ya fi kama da wani abu dabam. Annette Litster da abokan aikinta sun gwada sanya ruwan jikin tsutsar a jinin kyanwoyin da jikinsu ya riga ya san ta, sai ga numfashi ya sarƙe, bugun jini ya faɗi warwas, iskar da ke cikin jini ta yi ƙasa, duk cikin ɗan lokaci. Wannan shi ne irin abin da ke faruwa da mutumin da jikinsa ba ya shiri da harbin zuma ko allurar fenisilin: ba dafin ne ke kashe shi ba, martanin jikinsa ne ya wuce gona da iri. A kyanwa kuwa huhu ne wurin da irin wannan martani ya fi sauka. Ƙananan jijiyoyi su fara yoyo, ruwa ya cika jakunkunan iska, dabba ta nutse tana kan busasshiyar ƙasa. Akwai kuma wata bakteriya mai suna Wolbachia da ke zaune a cikin tsutsar, tsutsar ba ta iya rayuwa sosai sai da ita, kuma idan gawar ta fashe ita ma takan fito ta ƙara wa wutar fetur. Kaikayi ya koma kan masheƙiya ke nan: ƙarfin da ya hana tsutsa talatin zama shi ne ya mayar da mutuwar guda ɗaya abin halaka.

Wani abin kuma, da yake tsutsar ba ta san hanya sosai a jikin kyanwa ba, takan yi ɓatan kai fiye da yadda take yi a kare. Ana samun ta a ƙwaƙwalwa, ko a cikin kogon ciki. Kyanwa ta kama farfaɗiya, ko ta makance, ko ta riƙa zagaye wuri ɗaya, babu wanda zai kawo sauro a ransa.

Mai karatu zai ce to a gwada jini mana tun da wuri. A kare haka ake yi, ɗigon jini da minti goma sun wadatar. A kyanwa gwajin yana da ramuka. Gwaji na farko yana neman wani sinadari ne da galibi balagaggiyar macen tsutsa ke fitarwa. Kyanwar da ke da namiji ɗaya tak, ko wadda tsutsotsinta ba su balaga ba, sakamakonta zai fito babu komai, alhali akwai. Gwaji na biyu yana neman alamar cewa garkuwar jiki ta taɓa haɗuwa da tsutsar, amma ba ya faɗin ko tana nan har yanzu ko an gama da ita tun bara. Neman 'ya'yan tsutsar a jini kusan ɓata lokaci ne. Hoton ƙirji yakan nuna jijiyoyin bayan huhu sun kumbura, amma wasu cututtukan ma suna yin haka. Sikanin zuciya a hannun gwani yakan nuna tsutsar kanta, layi biyu gajeru a jere kamar alamar daidai ta lissafi, to amma sai idan ta kwanta a inda na'urar ke iya hangowa. Shi ya sa likita yakan haɗa uku ko huɗu daga cikin waɗannan, kuma duk da haka ya ƙare da "mai yiwuwa". Sakamakon gwaji na farko da ya ce akwai, a yarda da shi. Wanda ya ce babu, bai wanke kyanwa ba.

A ce ma an tabbatar. Nan ne likita ke shiga gaba kura baya sayaki. Maganin da ake kashe manyan tsutsotsi da shi a kare, melasomin, allura ce mai sinadarin arsenik, ana yi wa kare ita a tsokar baya sannan a tsare shi makonni kada ya yi guje-guje har jikinsa ya narkar da gawarwakin. Kyanwa ba ta jure wannan magani, guba ne a gare ta ko da kaɗan ne. Ko da ta jure, me aka yi? An kashe tsutsar da gangan, wato an jawo ranar da ake tsoro da hannu. Saboda haka har yau babu wani magani da aka amince da shi na kashe babbar tsutsa a jikin kyanwa. Abin da ake yi shi ne lallaɓawa: a ba ta furedinisolon don rage kumburi, wasu likitocin su ƙara da doksisaiklin don rage waccan bakteriya, a riƙa duba ta duk bayan wata shida zuwa shekara, a jira tsutsar ta mutu da kanta, ana fatan jikin zai wuce wurin lafiya. Idan numfashi ya sarƙe, a garzaya asibiti a sa mata iskar oksijin. Akwai masu fiɗa, musamman a Japan da Italiya da Amurka, da ke zura siririn ƙarfe ta jijiyar wuya su zaro tsutsar ɗungurungum. Aiki ne na ƙwararru ƙalilan, kuma idan tsutsar ta tsinke a hanya, abin da ake gudu yana iya faruwa nan take a kan teburin.

Jiran nan ba hukuncin kisa ba ne, kada a firgita fiye da kima. A arewacin Italiya, kwarin kogin Po mai gonakin shinkafa da sauro ya daɗe yana fama da cutar, kuma likitocin can, irin su Claudio Genchi da Luigi Venco, sun bi diddigin kyanwoyin da suka kamu ba tare da alamar ciwo ba har tsawon shekaru. Kusan takwas cikin goma sun rabu da tsutsar da kansu. Sauran sun mutu, da yawansu farat ɗaya. Abin da ya fi tayar da hankali a wannan lissafi shi ne babu wata alama da ke nuna wace kyanwa ce za ta faɗa cikin takwas ɗin, wace ce cikin biyun. Mai ƙiba da sheƙin gashi tana iya zama ita ce.

Saura hanya ɗaya, a tare tsutsar tun tana ƙarama a cikin tsoka, kafin ta kai huhu. A nan magani yana aiki sosai. Ƙwaya ce ko ɗigon ruwa da ake zubawa a ƙeyar kyanwa sau ɗaya a wata, masu ɗauke da aibamektin ko selamektin ko moksidektin, ana sayar da su da sunaye irin su Heartgard da Revolution da Advocate. Ba sa hana sauro cizo, ba sa hana tsutsar shiga. Abin da suke yi shi ne share duk waɗanda suka shiga a watan da ya wuce, shi ya sa tsallake wata biyu ko uku yake buɗe ƙofa. Aibamektin ɗin nan shi ne dai Mectizan da ake rabawa a ƙauyukanmu saboda makantar bakin kogi da tundurmi, wanda ya sa aka ba Satoshi Omura da William Campbell kyautar Nobel a 2015. Amma kada wannan ya sa wani ya ɗebo na shanu ko na tumaki a sirinji ya ɗura wa kyanwa. Abin da take buƙata a wata bai wuce maikurogiram 24, wato kashi 24 cikin miliyan na giram ɗaya, a kowane kilo na nauyinta ba, adadin da ba a iya aunawa da ido daga kwalbar da aka yi don sa mai kilo ɗari uku, kuma idan ya yi yawa ƙwaƙwalwa yake taɓawa.

Ƙungiyar da ke bin wannan cuta a Amurka, wadda aka kafa a 1974, tana ba da shawarar a ba kowace kyanwa maganin duk shekara tun tana da mako takwas. Duk da haka masu kyanwa sun fi masu kare sakaci nesa ba kusa ba, kuma hujjarsu ɗaya ce: "Tawa ba ta fita waje." Clarke Atkins na Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa ya duba kyanwoyi 50 da aka tabbatar suna da cutar, ya tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu masu su sun ce ba sa taka ƙofar gida. Wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai raga a taga sauro ya hana shi barci ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Sauron gida, jinsin Culex, yana shiga ɗaki, kuma ba ya zaɓe tsakanin kare da kyanwa. Ita kyanwar kusan ba ta yaɗa cutar ga kowa, tunda jininta ba ya riƙe 'ya'yan tsutsar. Rumbun cutar yana jikin karnukan unguwa da dangoginsu na daji, don haka haɗarin kyanwa yana bin yawan karnukan da ba a ba su magani ba a kewayenta. Bayan guguwar Katrina a 2005 an kwashi dubban karnuka daga yankin Luwiziyana zuwa wasu jihohi, da yawansu ɗauke da tsutsar, kuma yanzu babu jihar Amurka da ba a taɓa samun cutar a cikinta ba. Mutum ma sauro yakan sa masa ita jefi-jefi, sai dai ba ta girma, takan mutu a huhu ta bar ɗan ƙulli da likita kan iya ɗauka ciwon daji ne a hoto.

Sai dai a yi adalci, kada a ɗora wa tsutsar nan kowace gawa. Wani bincike da aka yi a Saskacewan ta Kanada kan kyanwoyin da suka mutu ba zato ya nuna buguwa ce kan gaba, irin ta mota, wadda sau da yawa ba ta barin rauni a waje, sai ciwon zuciya ya biyo baya. Ciwon zuciyar da ya fi yawa shi ne wanda bangon zuciya ke yin kauri har ɗakin jini ya tsuke. Yana kama kusan kyanwa ɗaya cikin bakwai, ya fi son muzurai, yana bin jini a wasu jinsuna irin su Maine Coon da Ragdoll, kuma shi ma yakan ɓoye har ranar da zai kayar da dabba, ko ya jefa gudan jini ya shanye ƙafafun baya. Ga kuma guba: shinkafar ɓera da kyanwa kan samu ta hanyar cin ɓeran da ya ci, maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin, da farasitamol, wanda ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Kanada ƙasar sanyi ce, shi ya sa tsutsar ba ta yi tasiri a lissafinsu ba. A bakin tekun Meksiko ko kwarin Po lissafin zai canza.

Mu nan sauro ba ya yanke mana, karnuka marasa magani suna ko'ina, kuma an samu tsutsar a jikin karnuka a Najeriya. Amma idan kyanwa ta faɗi ta mutu a gidajenmu, zargi yakan tafi kan maƙwabci ne kai tsaye, a ce an sa mata guba, wani lokaci har zumunci ya ɓaci a kan abin da babu wanda ya bincika. Buɗe gawa ne kaɗai ke raba gardama, shi ma sai likitan ya san abin da yake nema: ya bi jijiyoyin huhu har ƙarshensu da almakashi, domin guntun matacciyar tsutsa ɗaya yana da sauƙin kuɓucewa ido. Kafin a kai ga haka, akwai abin da mai kyanwa zai iya yi ba tare da ko sisi ba. Idan tana barci ya ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa a minti ɗaya. Lafiyayya ba ta cika wuce 30 ba. Kyanwa kuma ba kare ba ce, ba kasafai take haki da baki buɗe don zafi ko wasa ba, idan ta yi ma ba ya daɗewa. Idan aka ga tana yi tana zaune, wuya a miƙe, a ɗauke ta a hankali ba tare da matse ƙirjinta ba, a nufi wurin likita a wannan sa'ar.